Kuɗin Farfaɗo da Tattalin Arziki: Inda 'Yan Siyasa Ke Haɗa Kai da Inda Suke Raba Gari

Wanda ya san Kakuri da ke Kaduna a zamanin da masaƙu ke aiki ba ya buƙatar masanin tattalin arziki ya faɗa masa yadda kuɗi ke zagayawa a gari. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu a Tudun Wada da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ɗaya daga cikin masaƙun nan. Wata rana bayan sallar isha'i na ce masa, "Baba, me ya fi tsaya maka a rai game da wancan lokaci?" Ya ce, "Ɗana, ranar albashi. Ranar da aka biya mu, mahauci ya sani, tela ya sani, mai gidan haya ya sani, har mai ƙosai da ke bakin ƙofa ta sani." Masaƙar KTL da aka kafa a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta bi baya a 2007. Ma'aikata ne aka sallama, amma mahaucin da telan da mai ƙosan duk sun rasa abin yi tare da su, ba tare da kowa ya rubuta musu takardar sallama ba.

Abin da ake kira shirin farfaɗo da tattalin arziki daga wannan fahimtar ya samo asali. Abin da wani ya kashe shi ne abin da wani ya samu. Idan tsoro ko annoba ko faɗuwar farashin mai suka sa kowa ya ɗaure bakin aljihunsa a lokaci guda, ciniki ya tsaya, masu kamfani su rage ma'aikata, waɗanda aka rage su daina saye, ciniki ya ƙara tsayawa. Masanin nan na Ingila, John Maynard Keynes, shi ya fi kowa shahara da hujjar cewa a irin wannan hali, wanda duniya ta shiga a shekarun 1930, gwamnati ce kaɗai ke da ƙarfin da za ta kashe kuɗi lokacin da kowa ke riƙewa, ko da bashi za ta ci, har keken ya sake juyawa. Tana iya yin haka ta hanyar ayyukan hanyoyi da gadoji, ko raba kuɗi kai tsaye ga magidanta, ko rage haraji, ko bai wa masu sana'a rance mai sauƙi.

A takarda abin a fili yake. Amma kuɗin gwamnati ba ya fita sai ta hannun 'yan siyasa, kuma a nan ne tambayoyin suke yawa. Daga ina kuɗin zai fito, bashi ne ko ajiya ko Babban Banki ne zai buga? Wa zai rubuta sunayen waɗanda za su samu? Sunan wa za a buga a jikin buhu? Na daɗe ina bin wannan lamari, kuma abin da na gano shi ne tambayar farko ita ce ta fi muhimmanci ga talaka, amma biyun ƙarshe su ne ke tayar wa 'yan siyasa jijiyoyin wuya. Idan ka riƙe wannan, za ka gane dalilin da ya sa waɗanda suka rungumi juna bara suke zaman doya da manja bana, alhali shirin bai canja ba.

Bari in fara da Amurka, domin a can jam'iyyu biyu ne kawai ke da ƙarfi, ƙuri'ar kowane ɗan majalisa kuma a rubuce take, don haka hoton ya fi fitowa sarai. Sau huɗu a cikin shekara goma sha uku suka yi manyan shirye-shirye irin wannan. A Fabrairun 2008 Shugaba George Bush na jam'iyyar Rifablikan ya rattaba hannu kan shirin kimanin dala biliyan 152, kuma 'yan Dimokurat da ke riƙe da majalisa ƙarƙashin Nancy Pelosi suka mara masa baya. Shekara ɗaya bayan nan, tattalin arzikin ya ƙara taɓarɓarewa, Barack Obama ya kawo nasa na dala biliyan 787. A majalisar wakilai ko ɗan Rifablikan ɗaya bai kaɗa masa ƙuri'a ba. A majalisar dattawa uku kacal suka goyi baya, ɗaya daga cikinsu ma, Arlen Specter, bayan wata biyu ya sauya sheƙa zuwa Dimokurat. A Maris ɗin 2020, da korona ta rufe ƙasar, majalisar dattawa ta amince da shirin Donald Trump na sama da dala tiriliyan 2 da ƙuri'a 96, babu ko ɗaya da ya ƙi. A Maris ɗin 2021 Joe Biden ya kawo na dala tiriliyan 1.9, ya tsallake da ƙyar, 50 da 49, babu ɗan Rifablikan ko ɗaya a ciki.

Dubi tsarin da kyau. A 2008 da 2020 shugaban ƙasa na wata jam'iyya ne, majalisar wakilai na hannun wata. Babu wanda zai iya motsi shi kaɗai, dole a zauna a yi ciniki, kowa ya saka abin da zai nuna wa mutanen mazaɓarsa, kuma duka shekarun zaɓe ne da babu mai son a ce shi ya hana. A 2009 da 2021 kuwa jam'iyya ɗaya ce ke da fadar shugaban ƙasa da majalisun biyu. Idan shirin ya yi nasara ita za a yaba wa, saboda haka ɗan adawa ba shi da ribar da zai ci idan ya taimaka, yana da ribar da zai ci idan ya tsaya gefe yana jiran abin ya lalace. Maganar sunan da za a buga a buhu ma ba mu kaɗai ke da ita ba: a 2020 an buga sunan Trump a jikin takardun cakin dala 1,200 da aka aika wa mutane. An kuma sha ganin 'yan majalisar da suka ƙi shirin a zaure sun koma gida suna tinƙaho da ayyukan da kuɗin ya kawo wa garuruwansu.

Sai dai ba zan yi musu rashin adalci ba. A ƙarƙashin wannan lissafin zaɓe akwai saɓanin ra'ayi na gaske. Ɓangare ɗaya ya fi yarda da rage haraji da tsoron giɓin kasafi, ɗayan ya fi yarda da gwamnati ta kashe. Kuma gardamar ta yi amfani. Larry Summers, wanda ɗan Dimokurat ne kuma tsohon sakataren baitulmali, ya fito tun farkon 2021 ya ce shirin Biden ya yi girma, zai iya hura wutar hauhawar farashi. A Yunin 2022 hauhawar ta kai kashi 9.1 cikin ɗari. Masana har yanzu suna jayayya kan kason da shirin ya ɗauka a wannan laifi da kason da yaƙin Yukiren da cikas ɗin jigilar kaya suka ɗauka, amma aƙalla an yi jayayyar a bainar jama'a, da alƙaluma.

Mu dawo gida. A Najeriya idan ka nemi irin wancan layin da ya raba jam'iyyu kan aƙida, ba za ka same shi ba. Tallafin man fetur ya isa shaida. Ranar 1 ga Janairun 2012 Goodluck Jonathan na PDP ya janye tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Ƙasa ta ɗauki zafi, aka yi zanga-zanga har nan Kaduna, kuma manyan 'yan adawa na lokacin, waɗanda daga baya suka haɗu suka kafa APC, suna cikin waɗanda suka fi sukar matakin. Aka sasanta a naira 97, aka kafa SURE-P don a zuba rarar a ayyuka. A Mayun 2016 gwamnatin APC ta Muhammadu Buhari ta kai lita naira 145, PDP ta ɗauki kalaman da aka jefe ta da su ta mayar. A zaɓen 2023 Bola Tinubu da Atiku Abubakar da Peter Obi dukkansu sun yi alƙawarin cire tallafin. Ranar 29 ga Mayun 2023 Tinubu ya cire shi a jawabin rantsuwa, kafin ƙarshen Yuli lita ta haura naira 600. Abin da ya rage na saɓani tsakaninsu shi ne yadda aka yi da lokacin da aka yi, kuma wannan saɓani ne mai ma'ana, amma ba a taɓa zama an warware shi filla-filla gaban masu zaɓe ba.

To idan ba tsakanin jam'iyyu ake faɗan ba, ina ake yinsa? Ana yinsa ne tsakanin masu riƙe da kuɗi da masu son a ba su rabo, ko da kuwa tutarsu ɗaya. Babu misalin da ya fi na 2020 fito da wannan. Bayan kullen korona, wanda mu a Kaduna muka sha fiye da wata biyu a cikinsa tun daga ƙarshen Maris, gwamnatin tarayya ta fitar da shirin naira tiriliyan 2.3 ƙarƙashin kwamitin Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo. Akwai kuma shirin ɗaukar mutum 774,000 aikin wucin gadi, dubu ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, a biya kowa naira 20,000 a wata har wata uku. Ƙananan hukumominmu 23 ne, ke nan gurabe 23,000 suka faɗo wa jihar nan. A ƙarshen Yunin shekarar, ƙaramin ministan ƙwadago Festus Keyamo da 'yan kwamitin majalisar tarayya suka yi cacar baki gaban 'yan jarida har zaman ya watse. Ministan ɗan APC, shugabannin majalisun biyu 'yan APC. Babu wanda ya tashi ya tambaya ko naira 60,000 a wata uku za ta tayar da komaɗar wani matashi, ko sharar kwata da cike ramuka su ne aikin da ya fi dacewa. Rikicin gaba ɗaya a kan wanda zai zaɓi mutanen ne. A wannan rana sanatocin PDP da na APC bakinsu ɗaya.

Watanni kaɗan bayan haka, a Oktoban 2020, jama'a suka fasa rumbunan ajiyar kayan tallafin korona a jihohi da dama, har da wanda ke Barnawa, aka sa dokar hana fita. Kayan na gamayyar 'yan kasuwa ta CACOVID ne da aka miƙa wa jihohi su raba. Jihohin APC da na PDP duk abin ya shafa, kuma gwamnoni ta bakin ƙungiyarsu suka kare kansu da murya ɗaya. Ban yarda da fasa rumbu ba, kuma ba duk wanda ya kwashi kaya ne mayunwaci ba. Amma abin da ya sa mutane suka gaskata cewa ɓoye kayan aka yi shi ne babu wanda ya taɓa nuna musu jerin sunaye ko jadawalin rabo.

Yanzu ga namu na cikin gida, wanda ya cancanci a tsaya a kansa, domin har yau muna biyan kuɗinsa. Gwamna Nasir El-Rufai ya nemi rancen dala miliyan 350 daga Bankin Duniya. Hujjarsa ita ce jihar na buƙatar jari mai yawa a lokaci guda don hanyoyi da makarantu da asibitoci, kuma rancen mai sauƙin ruwa ne, na dogon zango. A Maris ɗin 2018 majalisar dattawa ta yi watsi da buƙatar. Sanatocin Kaduna uku ne suka haɗu a kan haka: Shehu Sani na Kaduna ta Tsakiya, wanda shi ke shugabantar kwamitin basussuka, da Suleiman Hunkuyi na Arewa, dukkansu 'yan APC kamar gwamnan, da Danjuma La'ah na Kudu, ɗan PDP. Hujjarsu ita ce Kaduna tana sahun gaba a jihohin da bashin waje ya yi wa yawa, ƙarin zai danne 'ya'ya da jikoki. Kowa kuma ya san akwai wata a ƙasa: APC ta jihar ta riga ta dare biyu, kuma wata guda kafin nan an rushe ginin Hunkuyi da ɓangarensu ke amfani da shi a matsayin ofis.

Bayan zaɓen 2019 kujerun Tsakiya da Arewa suka koma hannun na kusa da gwamnan, Uba Sani ya zama sanatan Kaduna ta Tsakiya, rancen ya samu shiga. Aka yi ayyukan sabunta birni, kuma duk mai bi ta gadar Kawo yau ya san ba haka wurin yake ba a da. Sai ga shi a ƙarshen Maris ɗin 2024 Uba Sani, yanzu a matsayin gwamna, ya shaida wa taron jama'a cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85, kuma daga cikin naira biliyan 10 da jihar ta samu daga asusun tarayya a watan, an cire biliyan 7 na biyan bashi, abin da ya rage bai kai albashin wata ba. A Yunin shekarar majalisar dokokin jiha ta amince da rahoton kwamitinta da ke zargin gwamnatin da ta gabata kan naira biliyan 423, El-Rufai ya musanta ya garzaya kotu, daga bisani ya bar jam'iyyar.

Ba aikina ba ne in yanke hukuncin da ke gaban kotu. Abin da ya dame ni wani abu ne daban. Rancen da dala aka ci shi, jihar kuma da naira take samun kuɗin shiga. Lokacin da ake ta ka-ce-na-ce a 2018 dala tana kusan naira 360 a kasuwa, ke nan miliyan 350 ɗin sun kama kimanin naira biliyan 126. Da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa daga Yunin 2023, dala ta haura 1,500, wannan bashin dai ya koma sama da biliyan 500 ba tare da an ƙara ko sisin kwabo a hannunmu ba. Wannan haɗarin shi ne ya kamata ya zama zuciyar muhawarar tun farko: wane aiki ne zai iya mayar da kuɗinsa, me za a yi idan naira ta faɗi, nawa ne iyakar abin da jihar za ta iya ɗauka. Amma a lokacin duk wanda ya yi tambaya an ɗauke shi ɗan ɓangaren sanatoci, duk wanda ya goyi baya an ɗauke shi ɗan gwamna. Tambayar gaskiya ta nutse a cikin rikicin mutane.

Akwai kuma inda ake haɗa kai, kuma a nan nake roƙon mai karatu ya daina ɗaukar haɗin kan 'yan siyasa a matsayin alheri kai tsaye. A zamanin Obasanjo aka buɗe asusun rarar ɗanyen mai, wanda ya tara kusan dala biliyan 20 kafin rikicin tattalin arzikin duniya na 2008, kuma shi ya rage mana zafin wancan lokaci. Wannan ita ce hanyar da ta fi lafiya: ka tara a lokacin yalwa, ka kashe a lokacin ƙunci. Gwamnoni na kowace jam'iyya suka haɗu suka matsa a raba, har Kotun Ƙoli suka je. Da koma bayan tattalin arziki ya zo a 2016, ya sake dawowa a 2020, rumbun ya kusa zama wayam. Ba a fafe gora ranar tafiya, sai aka koma ga Babban Banki. Doka a lokacin ta ce abin da bankin zai ranta wa gwamnati kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigarta na shekarar da ta gabata. Abin da aka tara ya kai naira tiriliyan 22.7. A Disambar 2022 wasu sanatoci sun tayar da ƙura a kan haka har zaman ya hargitse, amma a Mayun 2023, ana dab da miƙa mulki, majalisa ta amince a mayar da shi bashi na dogon lokaci, aka wuce wurin.

Wannan kuɗin ba daga haraji ya fito ba, ba daga ajiya ba. Ƙirƙirarsa aka yi. Kuma a nan ne bambancinmu da Amurka yake, bambancin da 'yan siyasarmu ba sa son tsayawa a kansa. Maganin Keynes yana aiki ne idan akwai masana'antu a tsaye da ma'aikata a zaune, abin da ya rage kawai mai saye. Idan ka ba mutane kuɗi, inji ya tashi. Mu kuwa matsalarmu ta fi yawa a wajen samarwa. Manomin Birnin Gwari da na Giwa sun yi shekaru ba sa iya zuwa gonakinsu na nesa saboda 'yan bindiga. Mai walda a Panteka yana ƙona ribarsa a janareta. Idan ka zuba kuɗi a irin wannan kasuwa, mudun masarar bai ƙaru ba, masu neman sa ne suka ƙaru, sai farashi ya tashi. Wanda ya sayi atamfa da kuɗin tallafi a Kasuwar Barci ko Kasuwar Gumi, akasari masaƙar wata ƙasa ya tayar, ba ta Kakuri ba. Da wannan ya haɗu da cire tallafin mai da faɗuwar naira, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, ta abinci ma ta taɓa haura 40. Abin da aka ba talaka a ambulan an karɓe ninkinsa a wajen mai awo.

Shirin rancen manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwambar 2015 ya yi ƙoƙarin taɓa ɓangaren samarwa, kuma noman shinkafa ya bunƙasa a lokacin, wannan gaskiya ne. Amma an raba sama da naira tiriliyan ɗaya, kaso mai yawa bai dawo ba, domin mutane da dama sun ɗauke shi rabonsu ne daga gwamnatin da suka zaɓa. TraderMoni na naira 10,000 kuwa an yi ta rabonsa a kasuwanni ana saura watanni zaɓen 2019, PDP ta kira shi sayen ƙuri'a, APC ta ce jari ne ga masu ƙaramin ƙarfi. Ko niyyar mai kyau ce, lokacin da aka zaɓa ya sa rabin ƙasa ba za su taɓa yarda da shi ba.

Abin da ya biyo bayan Mayun 2023 ya tattara duk waɗannan halaye wuri guda. A Yuli majalisar tarayya ta amince da naira biliyan 500 na rage raɗaɗi cikin gaggawa, kuma a cikin wannan gyaran kasafin aka ware wa majalisar kanta biliyan 70. Da maganar motocin alfarma na 'yan majalisa ta taso, shugabancin jam'iyyar Labour ya roƙi 'ya'yanta su ƙi karɓa, amma ba mu ga wani bore a zauren ba. Shirin farko na bai wa magidanta miliyan 12 naira 8,000 a wata ya sha suka har aka janye shi, kuma cikin masu sukar akwai Gwamna Uba Sani, ɗan APC, wanda ya kafa hujja da cewa yawancin mutanen karkara ba su da asusun banki kuma rajistar marasa galihu ba abin dogaro ba ce. Majalisar tattalin arziki ta ƙasa, inda dukkan gwamnoni ke zama, ta ajiye rajistar tarayya ta ce kowace jiha ta yi tata. A Agusta aka sanar da naira biliyan 5 ga kowace jiha, wani ɓangare kyauta wani ɓangare rance. Ban ji gwamnan da ya ce ba ya so ba. Sukar da aka yi wa rajistar tana da tushe. Amma kada mu manta cewa sakamakonta shi ne alƙalamin rubuta sunaye ya bar Abuja ya koma gidajen gwamnati, daga nan ya gangara hannun shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da shugabannin jam'iyya na mazaɓu. A unguwarmu, kamar a unguwanni da yawa, tambayar da mata ke yi wa juna ba "nawa za a bayar" ba ce, "wa kika sani" ce.

Haka kuma kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru sosai tun bayan cire tallafin, abin da ake rabawa a wata ya haura naira tiriliyan ɗaya. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa gwamnonin adawa ke sukar matakin da baki amma ba wanda ke neman a mayar da hannun agogo baya. Talakan da ya biya kuɗin a gidan mai, ya fito zanga-zanga a Agustan 2024 har aka sa dokar hana fita a Kaduna da Zariya, ba shi da jam'iyyar da ribarta ta dogara ga bin diddigin wannan ƙarin.

Sau ɗaya a 'yan shekarun nan na ga an yi gardamar da ta yi kama da wadda nake nema, kuma a garin nan aka fara ta. A ƙarshen Oktoban 2024 gwamnonin Arewa 19 da sarakuna suka yi taro a Kaduna suka ƙi amincewa da tsarin rabon harajin VAT da ke cikin ƙudirorin gyaran haraji na Tinubu. Ƙungiyar ta ƙunshi 'yan APC da PDP da NNPP, kuma Babagana Zulum na Borno, ɗan jam'iyyar shugaban ƙasa, yana cikin waɗanda suka fi ɗaga murya. Layin ya zama na yanki, abin da ke da nasa haɗarin. Amma an fito da alƙaluma, an yi muhawara a rediyo da Hausa, malamai da 'yan kasuwa sun tofa albarkacin bakinsu, majalisa ta saurari jama'a, an sauya tsarin rabon kafin a sa hannu a Yunin 2025. Wata takwas aka yi ana ja-in-ja, dokar kuma ta fito ba kamar yadda ta shiga ba. Dalilin da ya sa aka yi wannan himma shi ne kuɗin da zai shiga asusun gwamnoni ne ke cikin haɗari.

Irin wannan himmar nake so in gani a Lugard Hall, zauren majalisar dokokin jiharmu, duk lokacin da aka kawo maganar sabon rance ko sabon tallafi. 'Yan adawa da ke majalisar jiha, da ma 'yan jam'iyya mai mulki da ke da kishin mazaɓunsu, suna da ikon su nemi a karanta sharuɗɗan bashi a fili kafin a kaɗa ƙuri'a, a faɗi da wane kuɗi za a biya da abin da zai faru idan dala ta sake tashi. Suna da ikon su nemi a liƙa sunayen masu cin gajiyar kowane rabo a sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar gidan mai unguwa, mazaɓa-mazaɓa, yadda maƙwabci zai ga sunan maƙwabcinsa ya ce wannan ya cancanta, wancan bai cancanta ba. Suna iya neman a daina buga hoton kowa a buhun da aka saya da kuɗin jama'a, a kuma dakatar da sabon rabo idan zaɓe ya matso. Wanda ya yi wannan zai rasa gurabensa a rabo na gaba, shi ya sa masu yi ba su da yawa.

Da na karanta wa Baba wannan rubutu kafin in fitar, ya saurara har ƙarshe, sannan ya tuna mini cewa su ma an taɓa yi musu shirin farfaɗowa. Gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don auduga da masaƙu, kuma a lokacin babu jam'iyyar da ta ja da baya, kowa ya yi murna. UNTL ta sake buɗewa na wani lokaci. Amma wutar lantarki ba ta gyaru ba, kayan fasa-ƙwauri ba su daina shigowa ba, audugar Funtuwa da Zariya ba ta dawo yadda take ba. Ya ce, "Ɗana, kuɗin an kawo. Abin da ya kashe mu ne ba a taɓa ba." Ginin KTL yana nan a Kakuri a rufe, kuma shekara da shekaru tsofaffin ma'aikatansa suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa sun rasu ba su karɓa ba.